INA LAIFI IDAN 'YAR MUBI TA KOYI HARBIN GASA?

Daga Wakilinmu na Arewa

 Yau ina tafe da wata magana wadda na san tun kafin in kai tsakiyarta wasu dattawanmu na Agege da Idi-Araba za su naɗe jaridar nan su ce lalle wakilin nan ya saki layi. To, ina roƙon arziki a daure a ji ƙarshen zancen tukuna, in ya so sai a yanke mini hukunci.

Maganar kuwa ita ce, a ganina lokaci ya yi da za a buɗe wurin koyon harbin gasa a garin Mubi, wato irin harbin nan da ake yi da ƙaramar bindiga ta iska a wasannin duniya, kuma a bar 'yan matanmu su shiga a dama da su. Na san kalmar bindiga kaɗai ta isa ta sa gaban mutumin Mubi ya faɗi, saboda haka zan bi zancen daki-daki.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya aiki ya kai ni Mubi, da yamma na zauna a teburin wani mai shayi kusa da kasuwar shanu, inda direbobi da dillalai suke hutawa bayan an gama lodi. Sai ga wani saurayi ɗan makaranta yana nuna wa abokansa hoton wata budurwa 'yar ƙasar Indiya a cikin wayarsa. Ta miƙe hannu ɗaya riƙe da ƙaramar bindiga, ɗayan hannun yana aljihu, fuskar nan tata a natse kamar mai sauraren karatu. Wayar ta zaga har ta iso hannun wani dattijo dillalin shanu. Ya duba, ya mayar wa yaron, ya ce, "Allah Ya kiyashe mu. Mu da muka kwana a kan duwatsu saboda ƙarar bindiga, yau kuma a ce 'ya mace ce za ta riƙe ta da sunan wasa?" Wuri ya yi tsit. Ni ma ban ce uffan ba, domin dattijon ya haife ni, kuma abin da ya gani ban gani ba. Amma maganarsa ta bi ni har masauki, kuma amsar da na kasa ba shi a ranar ita ce nake rubutawa yau.

WACE CE WANNAN BUDURWA?

Sunanta Manu Bhaker. An haife ta cikin watan Fabrairu na shekarar 2002 a wani ƙauye da ake kira Goriya, cikin Jihar Haryana a arewacin Indiya. Ita wannan jiha ƙasar manoma ce da masu kiwo, kamar dai tamu, kuma ta daɗe da yin ƙaurin suna wajen raina 'ya mace, har ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna mata 879 ne kawai ga kowane maza 1,000. Ke nan ba daga wani birnin Turawa yarinyar ta fito ba.

Tana ƙarama ta gwada dambe da wasan tanis da wasu wasanni. Sai a shekarar 2016, tana da shekara 14, ta shiga ɗakin koyon harbi da ke cikin makarantarsu ta nan ƙauyen, ta gwada, abin ya kwanta mata a rai, mahaifinta kuwa ya daure ya saya mata bindigar gasa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin nan ne tushen labarin duka: akwai ɗakin harbi a makarantar ƙauyensu, kuma akwai uban da ya yarda.

Cikin shekara biyu kacal duniya ta san da ita. A watan Maris na 2018, tana da shekara 16, ta ci lambar zinariya a gasar kofin duniya ta harbi da aka yi a ƙasar Meziko. A watan Afrilu ta sake cin zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Ostareliya. A watan Oktoba kuma ta ƙara da wata zinariyar a wasannin Olamfik na matasa a ƙasar Ajantina.

To, amma ba kullum ake kwana a gado ba. A wasannin Olamfik na birnin Tokyo, waɗanda aka yi a 2021 saboda annobar korona, duk Indiya ta zuba mata ido. Ana tsakiyar harbi sai wani ƙarfe a jikin bindigarta ya karye. Kafin a gyara, lokaci ya tafi da yawa, ta ƙarasa harbinta a gurguje, ta zo ta 12, alhali kuwa mutum takwas ake ɗauka zuwa zagayen ƙarshe. Fanni uku ta shiga, ta koma gida hannu rabbana. Waɗanda suka ɗaga ta jiya su ne suka dinga yi mata ba'a, ga shi kuma tun kafin tafiyar ta ɓata da malaminta, Jaspal Rana. Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa ta kusa ajiye wasan gaba ɗaya.

A 2023 ta sauke girman kai ta koma wurin malamin nata, suka shirya, suka ɗora daga inda aka tsaya. Ranar 28 ga Yuli, 2024, a wasannin Olamfik na Faransa, ta ci lambar tagulla a harbin mita 10, kuma abin da ya raba ta da damar neman azurfa ko zinariya kashi ɗaya ne cikin goma na maki guda. Ta zama mace ta farko 'yar Indiya da ta taɓa cin lambar Olamfik a wasan harbi. Bayan kwana biyu ita da wani saurayi, Sarabjot Singh, suka ci wata tagullar a gasar haɗin gwiwar mace da namiji. Tun da Indiya ta sami mulkin kai a 1947 ba a taɓa samun ɗan ƙasar da ya ci lamba biyu a Olamfik guda ba sai ita. A fanni na uku, na mita 25, ta zo ta huɗu. Ita ce ta riƙe tutar ƙasarta ranar rufe wasannin, kuma a watan Janairu na 2025 aka ba ta lambar girma mafi daraja da Indiya ke ba 'yan wasa. Duk wannan bai hana ta karatu ba, don ta yi digirinta a Jami'ar Delhi.

YADDA WASAN YAKE

Da yawa daga cikinmu in an ce harbi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ƙara da hayaƙi da gudu. To, bari in bayyana yadda wannan yake, don rashin sani ya fi dare duhu.

Bindigar da ake harbin mita 10 da ita ba ta amfani da albarushi. Iska ce da aka matse cikin wani ɗan bututu take tura ɗan ƙaramin harsashi na dalma, mai faɗin milimita 4.5, wato kamar ƙwayar dawa. Nauyin bindigar ba ya wuce kilo ɗaya da rabi. Mai harbi tana tsayawa a tsaye, ta riƙe ta da hannu ɗaya, ba jingina, ba tallafi. A gabanta, nisan mita 10, wato kimanin yadi 11, akwai ɗan allo mai da'ira goma, wata cikin wata. Da'irar tsakiya, mai maki goma, faɗinta milimita 11.5 ne, kamar ƙwayar gyaɗa guda. Za ta yi harbi 60 cikin minti 75, kuma wadda take son ta shiga cikin takwas na ƙarshe a gasar duniya sai ta sami maki wajen 575 zuwa 580 daga cikin 600. Ku lissafa da kanku ku ga sau nawa aka yarda ta kuskure ƙwayar gyaɗar nan.

Saboda haka ƙarfin damtse ba shi ne jarin wannan wasa ba. Abin da ake nema shi ne natsuwa, da iya riƙe numfashi, da haƙurin maimaita abu ɗaya sau dubu, da hana zuciya rawa a gaban jama'a. Mai fushi ba ya iyawa. Mai gaggawa ba ya iyawa. Yaron da ya saba da ƙwaya ko maganin tari na maye kuwa, ko kusa ba zai je ba, don hannunsa zai tona masa asiri tun a harbin farko. Har maganin da ke rage bugun zuciya an haramta shi a gasar, kuma a 2008 an ƙwace lambobin wani ɗan Koriya ta Arewa saboda shan irinsa.

Daɗin daɗawa, ba wasan da ya kai wannan tsananin doka. Ba a ɗura harsashi sai alƙali ya ba da umurni. Bakin bindiga ba ya kallon ko'ina sai wajen allo, ko da babu komai a cikinta. In an gama sai a zura mata wata 'yar alama mai nuna babu harsashi, sannan a ajiye. Wadda ta yi wasa da waɗannan ƙa'idodi korarta ake yi daga gasar, komai ƙwarewarta. Ban ce bindigar iska ba ta da haɗari ba, tana iya tsiyaye ido, shi ya sa darasin farko da na ƙarshe a wurin shi ne ladabin riƙe makami.

MAGANAR DATTIJO ABAR DUBAWA CE

Yanzu sai mu koma kan maganar dillalin nan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Mubi ta ga abin da ta gani. A daren 1 ga Oktoba, 2012, an bi samari ɗaki-ɗaki a unguwar Wuro Patuji an kashe, da yawansu ɗalibai ne. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka kama garin, har suka sauya masa suna, jama'a suka watsu, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola da ƙafa, sai a tsakiyar Nuwamba aka ƙwato shi. A Nuwamban 2017 an tayar da bam a masallaci lokacin sallar Asuba, a watan Mayun 2018 aka sake. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun kwana suna buga waya gida ba ta shiga. Wanda zai yi maganar bindiga a Mubi dole ya yi ta da ladabi.

Amma ina so in yi wa dattawa tambaya guda. Su waɗanda suka yi wannan ta'asa, a wane ɗakin wasa suka koyi harbi? Babu ko ɗaya. Ba mu taɓa samun wurin harbin gasa a Mubi ba, amma hakan bai hana bindiga shigowa ba. Ta shigo ta jeji da kan iyaka, ta faɗa hannun yaran da ba makaranta, ba sana'a, ba mai tsawata musu. Yaran da aka haifa daga 2009 zuwa yau sun tashi ba su san bindiga ba sai a hannun mai kisa, ko a shingen duba motoci. A idonsu ita ce alamar iko, wanda ya riƙe ta shi ne ba a yi wa musu. Wannan karatun da suka sha shi ne abin tsoro. Ɗakin gasa kuwa yana koyar da kishiyarsa, don a can mai riƙe da bindiga shi ne wanda ya fi kowa bin umurni, ba ya motsi sai an ce ya motsa, kuma alƙali yana iya fitar da shi da kalma ɗaya.

Ban ce wasa zai kawo ƙarshen ta'addanci ba, wannan aikin gwamnati ne da jami'an tsaro da malamai da iyaye. Abin da na ce shi ne, tsoron da muke yi wa ɗakin gasa mun ajiye shi ne a inda bai dace ba.

TO, ME YA SA MACE?

Wani zai ce, to ko da za a yi, a bar wa maza. Wannan kuwa mutanen Adamawa su ne bai kamata su faɗa ba. A nan maƙwabta, a Gombi, akwai Aisha Bakari Gombi, wadda ta koyi farauta tun tana yarinya a hannun magabatanta, kuma da masifa ta zo ta shiga sahun maharban da suka taimaka wa soja, ta jagoranci maza cikin jeji, har aka yi mata laƙabi da Sarauniyar Mafarauta, gidajen jaridu na ƙasashen waje suka zo ɗaukar labarinta. A lokacin ban ji wanda ya ce ta zubar da mutuncin mata ba, addu'a muka yi ta yi mata. To, in mun yarda mace ta riƙe bindigar gaske ta tunkari mutuwa dominmu, yaya za mu ce abin kunya ne ƙanwarta ta riƙe ta iska ta tunkari allo?

Ta fuskar addini kuwa, ni ba malami ba ne, amma tun muna makarantar allo muke jin malamai suna faɗar cewa magabata sun kwaɗaitar da koyon harbi da iyo da hawan doki. Kuma in aka duba dukan wasannin da ake yi a duniya, da wuya a sami wanda ya dace da tarbiyyar 'ya'yanmu mata kamar wannan. Ba a tuɓe tufafi. Ba gajeren wando. Ba cuɗanya, ba mai taɓa jikin wani. Yarinya tana iya yinsa da doguwar riga da lulluɓinta. Matan Iran da Masar da sauran ƙasashen Musulmi sun daɗe suna yi. A wasannin Olamfik na 2016 a ƙasar Barazil, wata budurwa 'yar Masar, Afaf El-Hodhod, ta kai zagayen ƙarshe a wannan harbi na mita 10, ta zo ta biyar a duniya. 'Yar Afirka ce kamar 'ya'yanmu.

Sai kuma maganar aure, wadda na san ita ce ta fi damun iyaye. Wasu wasanni, kamar gudu da ƙwallo, ci gaba da su yakan yi wa mace wuya bayan ta yi aure ta haihu. Harbi kuwa ba haka yake ba. Akwai wata mata 'yar ƙasar Jojiya, Nino Salukvadze, wadda ta ci zinariya da azurfa a Olamfik na 1988 tana da shekara 19. Ta yi aure, ta haihu, ta ci gaba. A 2016 ita da ɗanta na cikinta suka tafi Olamfik tare, kowa da bindigarsa. A 2024 ta halarta karo na goma, tana da shekara 55, abin da wata mace ba ta taɓa yi ba. Kuma ita ce a 2008, ana tsakiyar yaƙi tsakanin ƙasarta da Rasha, ta ci tagulla, 'yar Rasha ta ci azurfa, suka rungumi juna a gaban duniya. Haka kuma a 2012 wata Musulma 'yar Malesiya, Nur Suryani, ta yi gasar harbi da doguwar bindiga a Landan tana da cikin wata takwas. Ashe ke nan wasan ba ya hana ɗakin miji.

DOKA DA KUƊI

Kada wani ya ɗauka ina cewa a raba wa yara bindigogi su tafi da su gida. Dokar Makamai ta 1959 tana nan daram. A ƙarƙashinta libarba ta gaske tana cikin makaman da ba mai riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar iska sai da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Ko adakar maharba ma sai da lasin Kwamishina. Kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasi. Wato da Manu Bhaker 'yar Mubi ce, a shekarun da ta fara, ba ta da ikon mallakar bindigarta. Wannan ya nuna mana cewa a ƙasarmu abin ba zai yiwu a hannun ɗaiɗaikun mutane ba, dole sai hukuma ta ɗauki nauyinsa, kuma ni a ganina hakan ya fi alheri.

Ga yadda nake ganin za a yi. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. A ɗaya daga cikinsu a ware zaure guda mai tsawon yadi ashirin, a yi masa layi biyar. Bindigogin su zama na hukuma, su kwana a ma'ajiyar makamai ta 'yan sanda, a fito da su da sa hannu, a mayar da sa hannu, a ƙirga harsashi. A nemo 'yar sanda ko soja mace wadda ta iya, don 'yan sanda da soja sun daɗe suna gasar harbi a wasanninsu, a tura ta kwas wurin ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa, ta dawo ta koyar. Ranar Asabar a kawo 'yan matan sakandare, kowace da takardar yardar mahaifinta, uwa ko yaya ta rako ta in ana so. Samari su ma a ba su tasu ranar.

Kuɗi fa? Bindigar gasa mai kyau tana kai wajen dalar Amurka 2,000, akwai kuma na koyo da ba su kai haka ba. Guda biyar da kayan aikinsu ba su kai kuɗin shanun da tirela ɗaya take ɗauka daga Mubi zuwa Ikko ba. Ba a bukatar filin wasa na biliyoyin naira, ba ciyawa, ba tafkin iyo. Gwamnatin Jiha tana karɓar haraji a kan kowace saniya da ta fita daga wannan kasuwa. Akwai kuma Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa a 2017 domin farfaɗo da yankin. In ana so a yi, ba kuɗi ne zai hana ba.

ABIN DA MUKE ASARA

A wasannin Faransa na 2024 Nijeriya ta tura 'yan wasa 88, suka dawo ba ko lamba ɗaya, kamar yadda aka yi a Landan a 2012. A wasan harbi kaɗai akwai lambobin zinariya 15 da aka raba, amma ba mu tura ko mutum ɗaya ba. Ƙasar da kowane ƙauye yake da maharba, ƙasar Fali da Gude da Higi da Margi waɗanda kakanninsu suka shahara da kwari da baka, a ce ba ta da wanda zai tsaya a gaban allo! Mun taru mun rungumi ƙwallon ƙafa, wadda mutum goma sha ɗaya za su sha wahala a kan lamba guda, mun bar inda yarinya ɗaya take iya kawo biyu.

Kuma mu tuna, zinariyar farko da wani ɗan Nijeriya ya ci shi kaɗai a Olamfik mace ce ta ciwo ta, Chioma Ajunwa, 'yar sanda daga Jihar Imo, wadda ta yi tsallen mita 7.12 a Amurka a 1996. Wasa ya ba ta suna, ya kuma ɗaga ta a wurin aiki. Ku da kuke zaune a Kudu kun ga yadda 'yan'uwanmu na nan suke tura 'ya'yansu mata wasanni, su sami gurbin karatu, su sami aikin ɗan sanda da kwastan da soja ta wannan hanya. Mu kuwa in an zo Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda Janar Yakubu Gowon ya fara a Ikko a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa, sai ka ga wasu jihohinmu na Arewa suna neman 'yan wasa mata ido rufe, alhali namu suna gida ko suna talla.

Akwai kuma maganar suna. Ku kuka fi ni sanin yadda ake kallon ɗan Arewa a tashar mota da kasuwannin Kudu, da irin kalmar da ake jefa masa in an ji labarin tashin hankali a rediyo. In an ambaci Mubi a jaridun Ikko, to bam ne ko hari. Garin da ya zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar 1961, garin da ake yi wa kirari da Sabon Dale, garin da yake ciyar da mutanen Kudu da nama, ya cancanci a san shi da wani abu dabam. Ranar da za a kira sunan wata yarinya a ce 'yar Mubi ce, a ɗaga tutar Nijeriya saboda ita, ranar mai gadi da mai shayi da mai facin taya na Obalende za su yi tafiya da ƙafaɗa a sama.

KIRA GA 'YAN'UWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Olamfik na gaba a 2028 za a yi shi a Amurka, wannan kam ya riga ya wuce mu. Amma na 2032 a Ostareliya, yarinyar da za ta iya zuwa tana nan yanzu a aji ɗaya ko biyu na ƙaramar sakandare, a Lokuwa ko Yelwa ko Kolere, ita kanta ba ta san tana da wannan baiwa ba, mu ma ba mu sani ba, kuma ba za mu taɓa sani ba sai an buɗe ƙofa ta gwada. Manu Bhaker shekara takwas ta yi daga ranar da ta fara zuwa ranar da ta hau dandamali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan asalin Mubi da ke Ikko da Badun da Fatakwal, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don gina masallaci da coci da rijiya a gida, su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na wata. Su rubuta wa Hukumar Wasanni ta Jihar Adamawa, su kai gaisuwa fadar Mai Martaba Sarkin Mubi su nemi albarkarsa, don in fada ta sa baki iyaye za su saki jiki. Attajiran kasuwar shanu kuma kowa ya ɗauki nauyin layi ɗaya. Uba kuwa da yake aika kuɗin makaranta gida kowane ƙarshen wata, in ranar ta zo 'yarsa ta bugo waya tana neman izini, kada ya katse ta da tsawa. Ya tambayi wa zai koyar, wa zai raka ta, ina ake ajiye makamin, in ya gamsu ya sa mata albarka.

Shi kuwa Baba dillali, in wani ya karanta masa wannan shafi, ina neman afuwarsa in na yi masa rashin kunya. Fatana shi ne Allah Ya ja kwanansa har ranar da za a buɗe zauren, ya zo ya zauna a kujerar gaba ya gani da idonsa, don gani ya kori ji. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, ni ne na farko da zan rubuta a wannan shafi in ce dattijo ya fi ni gaskiya.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, ƙofar Edita a buɗe take, ya rubuto mu ji. Allah Ya zaunar da Mubi da Nijeriya lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya shirya mana zuriya, Ya mai da ku gida lafiya da abin da kuka fito nema, amin.